'Yar Cokali da Ƙarar da Ta Ƙi Tsayawa

A bayan babban shagon tangaram ɗin nan, wanda motocin kaya suke tsayawa a ƙofarsa, akwai wani sito mai taga ɗaya. In ka shiga, ƙurar kwali ce za ta fara gaishe ka, sai warin busasshiyar ciyawar da ake cusawa tsakanin faranti don kada su fashe a hanya. Can ƙurya, ƙarƙashin tagar, akwai akwatin katako da aka kifa aka ɗora masa tsohon matashi. Nan ne kujerar 'Yar Cokali. Shekara goma sha tara tana zaune a kai, har matashin ya lotsa daidai ita.

Sunan ya samo asali ne daga ƙaramin cokalin shayi da take ratayawa a wuya da igiyar takalmi. Shi ne kayan aikinta, babu wani. Mota ta sauke kwalaye, a yanke su, ta ɗauki kofi ɗaya ta rataya hannunsa a ɗan yatsanta, ta ɗan buga bakinsa da cokali, ta karkata kai. Lafiyayyen kofi sai ya ce tiiiin, ya ja ƙarar, ta yi ta sirancewa har ta mutu a hankali. Wanda ya tsage a ciki kuwa, ko da tsagar ta fi gashi siranta, ko da ido bai gani ba, sai ya ce tin, ya haɗiye sauran. Mai lafiya dama, mai tsaga hagu. Tuli biyu take yi, kuma ba a taɓa jin ta ce bari in sake bugawa ba.

Tun tana ƙarama haka kunnenta yake. Yayarta, wadda ta girme ta da shekara shida kuma ita ta goya ta, har yau ba ta gaji da ba da labarin ranar da yarinyar tana wanke-wanke ta ɗago ta ce, "Inna, farantin nan ba shi da lafiya." Aka yi ta dariya. Kwana biyu tsakani farantin ya rabe gida biyu da miya a cikinsa, a gaban baƙi. Makaranta dai dukansu ba su yi nisa ba. Da ta girma shara ta zo yi a shagon, tsohon mai shago ya kama ta tana buga masa kofuna da farce tana ware wasu gefe. Ya ɗauki guda ya zuba masa ruwan zafi, ya tsage a hannunsa. Washegari ya karɓe tsintsiyar ya ba ta akwatin nan.

Saboda ita masu otal da gidajen abinci suke tsallake shago huɗu su zo nan. Ita ma ta san haka. Kai, ta sani har ya yi yawa! In Dogo mai sauke kaya, wanda furfura ta cinye masa gemu a shagon, ya juya kofi ya ce, "Anya kuwa? Ni dai ban ga komai ba," sai ta ce, "Ido aka ba ka, Dogo, shi ma don ka ga hanya. Ajiye shi hagu."

To, wata Talata da hantsi, bayan ta tashi daga wani zazzaɓi da ya kwantar da ita mako guda, ta ɗauki wani farin kofi mai shuɗin zobe ta buga. Tiiiin. Ta karkata kai tana jiran ƙarar ta mutu. Ba ta mutu ba. Ta ce a ranta, lallai wannan kofi da ƙarfinsa ya zo. Ta ajiye shi dama, ƙarar na nan. Ta dafe bakinsa da tafin hannu yadda ake kashe ƙara, tana nan. Ta mai da shi cikin kwali, ta rufe, ta hau kan kwalin ta zauna.

"Dogo, wa ya kunna wani abu?"

"Kamar me?"

"Ba ka jin wani siririn kuka?"

"Cikina ne kawai yake kuka, shi ma tun safe."

Ta fita bakin titi. Ga bas-bas, ga masu hon, ga mai walda a tsallake, amma ƙarƙashin duk wannan hayaniya siririn abin nan yana nan, miƙe kamar waya, a tsakiyar kanta. Ta bi shi gida, ta kwana da shi, ta tashi da shi.

Ba ta gaya wa kowa a shago ba. Ta ci gaba da buga kofuna, amma abin da take saurare, wato wutsiyar ƙarar, inda take sirancewa ta mutu, nan ne daidai nata kukan yake zaune. Kowane kofi ta buga sai ta ji kamar ya ja dogo. Mai lafiya ya ja, mai tsaga ma ya ja. Tulin hagu ya riƙa raguwa, har Dogo yana cewa kamfanin kofi sun shiryu.

Ba a yi mako uku ba wani mai otal ya shigo da kwali a ka, ya dire a gaban Manaja. Kofi bakwai sun tsage da shayi a ciki, ɗaya ma a cinyar wani babban baƙo.

Manajan nan bai fi shekara biyu a shagon ba. Ba mugu ba ne, amma irin mutanen nan ne da ba sa yarda da abin da ba za su iya gani ba, kullum da 'yar tocila a aljihun riga. Ya kira ta ofis ya rufe ƙofa. Da ya matsa, ta faɗa masa gaskiya.

"Allah ya sawwaƙe," in ji shi. "Ki tafi gida ki huta wata guda, ki nemi magani. In kin dawo akwai wuri a teburin naɗi."

"Teburin me?"

"Inda ake naɗe kaya a jarida. Aiki ne mai sauƙi, ba ya son kunne. Kofuna kuwa za mu riƙa haska su da tocila, kamar yadda kowane shago yake yi."

Ta dube shi tun daga takalmi har wuyan riga.

"Ranka ya daɗe, lokacin da na hau akwatin can kai ko ɗaura igiyar takalminka ba ka iya ba. Hutun na karɓa. Jaridar kuma ka ajiye ka karanta."

Ta fito ta ɗauki jakarta. Matashin ta bar shi a kan akwatin, ta ce wa Dogo duk wanda ya zauna a kai shi da ita ne.

A gida kuwa Yaya ce ta karɓi ragama. Ƙofarsu na kallon juna a hawa na biyu, kuma Yaya mace ce da in ta so ka sai ka nemi wurin ɓuya. Ta ce ai magana a fili take: kunne ya gaji da ƙara shekara goma sha tara, hutu yake so. Ta cire batirin rediyo ta zuba a jakarta. Ta sauke agogon bango ta naɗe shi a zane ta tura ƙarƙashin gado. Ta hana kunna fanka. Famfon kicin da yake ɗiga ta ɗaure masa baki da tsumma. Yara suka koma raɗa, maigidan 'Yar Cokali, direban bas ne mai murya kamar hon ɗin motarsa, aka ba shi cokalin roba aka ce ya riƙa tauna a hankali. Nata keken ɗinkin ma, wanda da shi take ci, Yaya ta sa aka sauke shi ƙasa gidan wata maƙwabciya, tana hawa tana sauka da gwiwarta mai ciwo. Ta kawo auduga ta toshe wa ƙanwarta kunnuwa biyu, ta ja labule, ta ce, "Yauwa. Kwanta ki ji daɗin shiru."

Wane shiru? Ɗakin ya yi tsit, abin ya samu fili. Da can yana raɓe ne a bayan hayaniya, yanzu ya fito tsakar ɗaki ya miƙe ƙafa. 'Yar Cokali ta kwanta tana kallon silin, kanta a karkace kamar yadda ta saba, tana jira ya sirance ya mutu. Ta san ba kofi ba ne, amma kan ya ƙi sani. Abinci ya daina shiga. Ta fara yi wa yara tsawa a kan sun ajiye takalmi da ƙarfi. Ranar nan da rana tsaka Yaya ta leƙo ta same ta zaune a ƙasa, ta matse kanta tsakanin gwiwoyi, tana cewa, "Ka tsaya mana. Don Allah ka tsaya." Yaya ta koma ɗakinta ta sha kuka, ta fito ta ƙara wa ƙasan ƙofa tsumma.

Mako biyu aka yi a haka kafin maigidan ya buga cokalin robarsa a tebur ya ce gobe asibiti. Likitan kunne ya leƙa, ya sa mata wasu na'urori tana danna maɓalli in ta ji sauti, ya ce jinta ya ɗan ragu kaɗan a sama-sama, amma ba abin tashin hankali ba ne. Sai ya ce akwai wasu likitoci a hawa na uku da suke bincike a kan masu irin wannan ƙarar, suna duba yadda ƙwaƙwalwa take aiki, ko za ta yarda ta je?

"In a kan rufin asibitin suke ma zan hau," in ji ta.

Ɗakin ƙarami ne, kujera ɗaya mai laushi, kwamfuta, da wata 'yar siririyar likita mai gilashi. Ta fito da wata hula kamar ta masu iyo, duk jikinta wayoyi. Yaya ta miƙe tsaye.

"Wuta za ku sa mata?"

"A'a, Anti. Hular saurare kawai take yi, ba ta ba da komai."

"To in ta saurari abin da bai shafe ku ba fa? Mace da sirrinta."

"Yaya, zauna," in ji 'Yar Cokali. "Sirrina ɗaya ne, kuma ke ce."

Sai da aka tsefe kitson da Yaya ta kwashe awa uku tana yi mata, aka shafa wani mai mai sanyi a fatar kai, aka ɗora hular. Likita ta ce ta rufe ido ta zauna kawai, kada ta yi komai. Ta zauna. Layuka suka riƙa gudu a allon kwamfuta kamar zaren da ya kwance. Bayan nan aka sa mata sautuka iri-iri ta nuna wanda ya fi kama da nata, da kuma ƙarfinsa. Aka yi mata tambayoyi, barci, abinci, fushi, ta amsa duka ba ta rage ba.

Da aka gama likita ta juyo da allon. Hoton kai ne guda biyu, kamar an leƙo daga sama, da launuka.

"Wannan na hagu, na mutanen da muka auna ne waɗanda suke da ƙara irin taki, ƙarfi ɗaya, wasu ma ta fi taki, amma ba ta dame su ba. Suna aikinsu suna barcinsu. Wannan na dama naki ne. Kin ga nan wajen gaba, inda launin ya bambanta?"

"Na gani."

"Ba mu gama gane komai ba, shi ya sa muke binciken. Amma abin da muke yawan gani a waɗanda abin yake wahalarwa shi ne, ba wajen ji ne kaɗai yake aiki ba. Wajen da yake sa mutum ya mai da hankali, da wajen da yake tayar da hankali in an ji haɗari, su ma sun shiga maganar. Kamar maigadi ne da ya ji motsi ya miƙe da sanda, aka manta ba a ce masa ya zauna ba."

'Yar Cokali ta ɓata rai. "Wato so kike ki ce ni nake ƙirƙiro shi."

"Ina! Da ƙirƙira kike yi, me hular za ta ɗauko? Ga shi nan kina gani da idonki. Malama, wane aiki kike yi?"

Ta gaya mata. Ta ciro cokalin daga wuya ta nuna yadda ake rataya kofi, yadda ake bugawa, yadda ake jiran wutsiyar ƙara. Likita ta ajiye biro ta cire gilashi.

"Kofi nawa a rana?"

"In mota ta zo, ya kai dubu."

"Shekara goma sha tara kina koya wa kanki cewa in an ji tiiin, a bar komai a saurara har sai ta mutu."

"Kuma ban taɓa tashi ba sai ta mutu."

Sai likita ta tambaya me ake yi mata a gida. Nan fa Yaya ta gyara zama, don an zo wajenta. Ta lissafa batir, ta lissafa agogo, fanka, famfo, cokalin roba, auduga, har da keken ɗinki da ciwon gwiwa. Tana faɗa tana kallon likita tana jiran a ce sannu da ƙoƙari. Likita kuwa tun daga fanka ta dafe goshi.

"Anti, kin kulle ta ɗaki ɗaya da abin, kin kori duk wanda zai raba su."

Yaya ta sunkuyar da kai. Wallahi tunda aka haife ta ba a taɓa ganin haka ba.

Likita ta ce ba ta da maɓallin da za ta danna ƙarar ta ɗauke, kuma duk wanda ya ce yana da shi a yi hankali da shi. Wataƙila ta ragu, wataƙila ta zauna. Amma maigadin nan ana iya koya masa zama. A cire auduga, a bar 'yar ƙara mai taushi a ɗaki, ba mai ƙarfi ba, ta koma harkokinta, kuma ta riƙa zuwa duk mako akwai mai zama da su yana koya musu yadda za su daina kokawa da abin.

A kan matakalar asibiti Yaya ta tsaya, ido ya kawo ruwa. "Wato ni ce na ƙara miki."

"Yaya, saura kaɗan ki kashe ni da ƙauna. Ki ba ni batirina."

Tun a bas ta fara magana, ba da Yaya ba, da kanta. "Ni na koya maka tsayuwa, ni zan koya maka zama. Ba ka biya haya ba, ba ka isa ka kore ni daga akwatina ba." Wani fasinja ya matsa gefe.

Ranar aka mai da agogo bango, aka kwance famfo, maigida ya karɓi cokalin ƙarfensa ya yi gyaran murya da ta girgiza taga. Keken ɗinki ya hawo sama, kuma a falon 'Yar Cokali aka dasa shi. Yaya na taka keke, dir-dir-dir, fanka na juyawa, ita kuma ta bi gidajen benen kaf ta aro kofuna, na kirki da na banza, ta baza su a tabarma.

Kwana huɗun farko babu abin da ya fito. Ta buga, ta saurara, ta ce lafiya, a zuba ruwan zafi ya yi zufa ta gefe. Ta yi jifa da cokalin har sau biyu, sau biyu tana rarrafawa ƙarƙashin kujera ta ɗauko. Ƙarar ma ba ta ragu ba, sai dai takan ankara cewa ta yi rabin awa tana faɗa da kofin maƙwabta ba ta tuna da ita ba.

A rana ta biyar keke na ta ruri, ba ta ma ji kofin sosai ba, amma ta ajiye shi hagu. Ta tsaya tana kallon hannunta. Me ya sa ta ajiye shi hagu? Ta sake ɗauka ta buga. Ashe ɗan yatsan da kofin yake rataye a kai yana jin abu. Mai lafiya yana yi masa wani ɗan tsuma, siriri, kamar ƙuda ya sauka ya tashi. Mai tsaga kuwa dum, kamar ka buga katako. Shekara goma sha tara yatsan yana jin wannan, ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ta kuma lura da farkon ƙarar, daidai lokacin da cokali ya taɓa, kafin nata kukan ya rufe sauran. Shi ma yana da magana in an saurare shi.

"Yaya! Taka keken da ƙarfi!"

Ta bar wutsiyar ƙara ta koma kan farkonta da abin da yatsa yake ji. Amma akwai waɗanda ta buga sau uku ba ta tabbata ba. Waɗannan suka fi ba ta haushi, don ita ba ta saba da ban sani ba. Ta daɗe tana harararsu, sannan ta tura su tsakiya, ta ce a ɗora ruwa.

Ranar da wata ya cika ta shiga shago da sassafe, Yaya na biye da ita ɗauke da butar lantarki da ƙullin ganyen shayi. Manaja ya tare su da fara'a, ya nuna teburin naɗi, har an ajiye mata sabuwar kujera mai jingina.

"Kujerar ta yi kyau, Allah ya ba mai rabo," in ji ta. "Kofunan nan bakwai da mai otal ya dawo da su, an zubar?"

"Waɗanda suka rabe an zubar. Amma na haska sauran kwalayen da suka zo tare, na ajiye wasu da nake zargi."

"Ba zargi nake so ba. Dogo, tun da na tafi, akwai waɗanda masu saye suka dawo da su don suna yoyo, ido kuma bai ga komai ba?"

"Akwai wasu guda bakwai a bayan ƙofa."

"Madalla. Ranka ya daɗe, ka wanke su, ka yi musu alama a inda kai kaɗai ka sani, ka cakuɗa su da sababbi su cika sittin. Zan fita waje. In guda ɗaya ya wuce ni ya shiga dama, da ƙafata zan je teburin jarida, kuma ba za ka sake jin bakina ba."

"Wannan na biyun ma kaɗai ya isa a gwada," in ji Dogo.

Manaja ya ce to. Ya shiga sito ya rufe, ya ɗiga ɗan jan biro a ƙarƙashin kowane cikin bakwai ɗin, ya liƙa wa duka sittin ɗin takardar farashi a gindi don ta rufe alamar. Aka kira ta. Masu naɗi sun bar jarida, mai karɓar kuɗi ta bar teburinta, kowa ya cika bakin ƙofa. Manaja ya ɗaga hannu. "A yi shiru, a ba ta dama."

"Kada wanda ya yi mini shiru!" in ji 'Yar Cokali. "Na ƙoshi da shi. Dogo, kunna fankar nan, ka ci gaba da surutunka."

Ta kaɗe matashinta ta zauna. Ta rataya na farko, ta buga, dama. Na biyu, dama. Ƙarar tata na nan a tsakiyar kai, miƙe, tana jin ta sarai, ta ce mata a zuci, zauna nan ki kalli aiki. Na tara, hagu. Na goma sha huɗu ta buga, ta sake bugawa, ta ajiye shi a gabanta, tsakiya.

"Wannan fa?" in ji Manaja.

"Tulin ban sani ba."

"Yaushe aka fara wannan?"

"Yau."

Wajen na talatin ta fara jinkiri, Yaya ta gani, ta fara ba Dogo labarin wata mai ɗinki da ta yanke wa amarya hannun riga ɗaya, da ƙarfi, har ana dariya. Aiki ya ci gaba yadda ya saba. Da ta ajiye na sittin, hagu guda biyar ne, tsakiya huɗu, sauran duk dama.

Manaja ya ɓare takardun na hagu. Ja, ja, ja, ja, ja. Ya ɗago. "Biyar. Saura biyu. Kuma ban sani ba ai ba amsa ba ce."

"Shi ya sa na zo da buta. Yaya."

Ruwa ya tafasa, aka jefa ganye ya yi baƙi ƙirin. Ta jera huɗun a kan tire ta cika su. Kowa ya miƙa wuya. Na farko shiru. Na biyu, sai ga wani layi siriri ya fito a jikinsa daga baki zuwa gindi, ruwan shayi na tsattsafowa. Na uku shiru. Na huɗu ya ce ƙas, hannun ya rage a tsaye, cikin ya buɗe. Manaja ya ɗaga su da tsumma ya ɓare takardun. Ja. Ja.

Yaya ta kwarma ihun da ya sa mai walda a tsallaken titi ya ɗaga gilashinsa. Ta rungume Dogo, ta tuna, ta ture shi, ta rungume mai karɓar kuɗi. "Ƙanwata ce! Ni na goya ta! Bakwai cif, ku ƙirga da kanku!"

Manaja dai bai saki ba. Ya ce ai bakwai ɗin da aka sani ke nan, wa ya san abin da ke cikin hamsin da ɗayan da ta tura dama? Sababbi ne, ba wanda ya gwada su.

"Gaskiyarka," in ji 'Yar Cokali. "A zuba musu duka."

Aka jera su layi-layi a kan kwalaye. Dogo ya riƙe tire, ita tana zubawa, Manaja na bi da tocilarsa yana leƙa gindin kowane. Goma, babu. Goma sha takwas, babu. A na ashirin da biyu butar ta tsiyaye.

"Ranka ya daɗe, ruwa ya ƙare."

Ya waiga ya ga wa zai aika. Hannun Dogo da tire, masu naɗi sun koma teburinsu don wani mai saye ya shigo, Yaya kuwa ta harɗe hannu tana kallonsa, ko kusa ba ta yi kama da wadda za a aika ba. Ya tsaya, ya kashe tocilar ya mai da ita aljihu, ya ɗauki butar da kansa ya nufi famfon bayan sito. Daga can aka jiyo muryarsa.

"Rabi ya isa?"

"Cika ta," in ji 'Yar Cokali, tana gyara zama a kan matashi. "Kuma ka sa a ja mini waya nan kusa da taga, nan butar za ta zauna. Dogo, kwali nawa ne a waje?"

"Goma sha biyu."

"To me kake jira? Shigo da na farko."